Me ya sa soja ke ɓoye zancen harsashi, kuma ina ya kamata ɓoyon ya tsaya?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kusuri: "Assalamu alaikum. Shagona yana bakin hanyar da ta fito daga Marwa. Muna yawan ganin ayarin motocin soja lulluɓe da tamfol suna wucewa, wani lokaci da tsakar dare, har an taɓa ƙwace wayar wani yaro don ya ɗauke su hoto. Ƙanena soja ne, amma ko ni ba ya gaya wa ranar da za a kai musu kaya. Duk da haka muna jin harsashi ya ƙare wa sojoji ana tsakiyar faɗa, ga kuma rumbun makaman da ya tashi a Injamena, wanda muka ji ƙararsa daga nan. Wannan sirrin kare mu yake yi, ko kuwa wasu ake rufa wa asiri?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni tsohon soja ne, kuma yawancin aikina a sito na yi shi, wajen karɓar kaya da ƙirga su da ɗora su a mota. Amsar tambayarka ita ce duka biyun. Akwai sirrin da in babu shi ƙaninka ba zai dawo gida ba, akwai kuma wanda ba ya kare kowa sai ɓarawo da malalaci. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ranar da za ka ɗauki kuɗi zuwa sari ba ka shelanta ta a tasha, amma ba ka ɓoye wa abokin jarinka lissafi. A nan iyakar take. Ranar tafiya da hanyar da za a bi da yawan kayan da ke wani sansani, waɗannan na ɓoyewa ne. Lissafin abin da aka saya da abin da ya iso, da haɗarin da ke kan mutanen da ke maƙwabtaka da rumbu, waɗannan ba a ɓoye su ga masu hakkin sani.

Bari in fara da nauyi, don wanda bai taɓa ɗaga akwatin harsashi ba, sauran zancen zai yi masa wuyar fahimta. Harsashin bindigar Kalash (AK-47) guda kimanin giram 16 ne, amma akwatinsa na katako mai gwangwani biyu a ciki, harsashi 1,400, yana kai kilo 30. Gidan harsashi ɗaya 30 yake ci, kuma in soja ya firgita ya danne kunama bai saki ba, cikin daƙiƙa uku ya zazzage shi. Ka ɗauki mutum 120, kowa da gida biyar a jikinsa: harsashi 18,000 ke nan, akwati 13, kusan kilo 400, kuma faɗa mai zafi na safiya ɗaya zai iya cinye su ƙaf. Wannan ƙananan bindigogi ne kawai. Dushka, babbar bindigar nan mai jigida da ake girkawa a bayan Toyota, harsashinta guda ya haura giram 100, kuma tana iya fitar da kusan 600 a minti. Ita kuwa Toyotar, tan ɗaya ne ƙarfinta, kuma a cikin tan ɗin nan akwai mutane da ruwan sha da man fetur da ita kanta bindigar. Harsashin babbar igwa mai milimita 155 kilo 43 ne shi kaɗai, ban da albarushin da zai tura shi. Don haka duk kwamandan da ya fita, a ransa yana lissafin kwana nawa kayansa za su kai shi, kuma wannan lissafin shi ne abin da abokin gaba ya fi son ya sani.

Ƙari a kan nauyi, ba kowane harsashi ke shiga kowace bindiga ba. Milimita 7.62 kaɗai iri uku ne a yankinmu: na Kalash, na bindiga mai jigida ƙirar Rasha, da na ƙirar ƙasashen Turai ta Yamma, kuma babu wanda ke aiki a madadin ɗan'uwansa. Na 12.7 ma iri biyu ne. Rundunar BIR ta Kamaru, wato ta kai ɗaukin gaggawa, an san ta da bindigogin ƙirar Isra'ila masu cin 5.56, sojojin Chadi kuwa Kalash ta fi yawa a hannunsu. A rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, wadda hedikwatarta ke Injamena, shiyyar Kamaru na Mora, ta Chadi na Baga-Sola, kowa da irin nasa kayan. Sojoji biyu na iya kwanciya a rami ɗaya, ɗaya da harsashi cike da jaka, ɗayan bindigarsa babu komai, kuma ba dama a yi aro. Wani lokaci in ka ji an ce harsashi ya ƙare, ba ƙarewa ya yi daga ƙasa ba. Akwatin da ya iso ne bai dace da bindigar da ke wurin ba.

Sai nisa. Chadi ba ta da bakin teku. Abin da ya zo ta jirgin ruwa a Duwala yake sauka, ya hau jirgin ƙasa kusan kilomita 900 zuwa Ngaundere, inda dogo ya tsaya tun 1974, sannan ya hau gingimari ya bi Garwa, Marwa, Mora, Waza, Dabanga, ya wuce ƙofar shagonka, ya haye gadar Ngeli. Tafiyar duka wajen kilomita 1,800 ce. Ka san halin hanyar Mora zuwa Kusuri fiye da ni, ka kuma tuna a Waza ne aka sace ma'aikatan hanya 'yan China 10 a watan Mayun 2014. Mota mai nauyi a kan ruɓaɓɓiyar hanya tafiyar hawainiya take yi, ba ta iya kauce wa kwalta, kuma kowa ya san gadojin da dole ta bi. Babu yadda za a ɓoye hanyar. Abin da ya rage a hannun soja shi ne ya ɓoye lokaci, da kuma wace mota ce ta ɗauki me. Shi ya sa ake lulluɓe motar shinkafa da motar harsashi da tamfol iri ɗaya, ake sauya sa'ar tashi, kuma direba kansa sau da yawa ba ya sanin inda za shi sai ya kunna mota. Ƙaninka ba rowar labari yake yi maka ba. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba, kuma haka ya kamata.

Yanzu ga wurin da na fi son ka tsaya ka duba, don nan ne matsalar da ta fi hana masu irin aikina barci. Daga Yuli zuwa Oktoba ruwan kogin Logon yana malale fadamu, hanyoyin ƙasa su mutu, sansanonin bakin tafki su koma tsibirai. Dole a tara musu kaya tun kafin damina ta kankama. To nawa za a tara? In ka ba ƙaramin sansani kaɗan, ranar da aka far masa da asuba harsashinsa zai ƙare kafin agaji ya iso. In ka ba shi da yawa, ka mayar da shi abin kwaɗayi, domin mayaƙan Boko Haram da na ISWAP ba su da masana'anta, ba su da tashar jirgin ruwa. Masu bin diddigin makamai, waɗanda ke karanta lambobin da ke gindin kwanson harsashi, sun nuna cewa kaso mai yawa na abin da ke hannun waɗannan mutane daga hannun sojojin yankin aka ƙwace shi. Wato wani harin ba don a riƙe gari ake kai shi ba, don a kwashi sito ne. A sansanin Bohoma da ke yankin Tafkin Chadi, ranar 23 ga Maris 2020, an yi sa'o'i ana faɗa tun da duku-duku, sojojin Chadi kusan 100 suka rasu, aka tare agajin da ya taso, maharan suka loda makamai a jiragen ruwa suka tafi. Shugaba Idriss Déby da kansa ya je wurin, ya ce bai taɓa rasa mutane masu yawa haka a lokaci ɗaya ba. Wanda ya shirya irin wannan hari, abu biyu yake nema tukuna: yaushe aka kawo kaya, kuma yaushe za a sake kawowa. Ba sai ya sayi babban hafsa ba. Mai sayar da kifi da ya ga kwale-kwale uku sun sauke akwatuna, yaro da ya sa hoton ayari a Facebook, soja da ya kira matarsa ya ce mata "gobe za a kawo mana kaya", in aka haɗa guda ukun nan an sami amsa. Babu ɗayansu da ya yi niyyar cin amana, kuma wannan ne ya sa abin ke da wuyar magani.

Wayar hannu ta ƙara dagula al'amarin. A daren shiga shekarar 2023 an harba rokoki kan wani gini a Makiyivka, gabashin Yukren, inda aka jibge sabbin sojojin Rasha. Hukumar sojan Rasha ta amsa mutuwar mutum 89, ta kuma ɗora laifin a kan wayoyin da sojojin suka kunna. Ita ma Yukren tun Maris 2022 ta kafa dokar ɗaure duk wanda ya yaɗa hoton zirga-zirgar sojoji ko ta makamai ba da izini ba. Don haka wanda ya hana yaron nan ɗaukar hoto yana da hujja, ko da yake bayani cikin mutunci ya fi ƙwace amfani, don yaron da aka wulakanta ba zai kawo maka labari ba ranar da ya ga baƙin fuska.

Tarihin yankin nan namu cike yake da yaƙe-yaƙen da lissafin kaya ya yanke hukuncinsu. A farkon 1941 hafsan sojan Faransa Leclerc ya tashi daga Chadi ya ratsa hamada zuwa Kufra ta Libiya da 'yan ɗaruruwan mutane da igwa ɗaya tak mai milimita 75. Ya riƙa sauya mata wuri tana harbi daga kusurwa daban-daban, Italiyawan da ke cikin ganuwa suka ɗauka runduna ce babba, suka miƙa wuya ranar 1 ga Maris. Da sun san yawan abin da ke bayansa, da haƙuri kawai za su yi. A 1987 kuwa, Libiya ta fi Chadi tankoki da jiragen sama nesa ba kusa ba, amma kayanta ta tara su a babban sansanin Wadi Dum da ke arewacin Chadi. Da sojojin Chadi ƙarƙashin kwamandansu Hassan Jamus suka ci shi a watan Maris da motocin Toyota, ba a yi mako ba Libiyawa suka fice daga garin Faya, domin cibiyar da ke ciyar da su ta yanke. Na 2008 kuwa kai shaida ne, don a garinku dubban mutanen Injamena suka kwana. 'Yan tawaye sun yi gudun kusan kilomita 1,000 daga iyakar Sudan da motoci wajen 300, suka shiga babban birni ranar 2 ga Fabrairu, suka kewaye fadar shugaban ƙasa, amma abin da ke cikin motocinsu shi ne iyakar abin da suke da shi. Filin jirgin sama yana hannun Faransawa, kuma bayan ƙura ta lafa Faransa ta amsa cewa ta yi wa sojojin gwamnati jigilar harsasai daga Libiya. Ɓangare ɗaya ana ƙara masa, ɗayan kayansa raguwa suke yi, cikin kwana biyu suka janye.

Ka lura da wani abu a wannan labarin: sirrin jigilar bai wuce 'yan kwanaki ba aka faɗe shi, kuma faɗarsa ba ta cuci kowa a fagen daga ba. Sirrin gaskiya na yaƙi gajeren rai gare shi. Ayarin da ya isa lafiya, bayan wata shida labarinsa ba ya amfanar abokin gaba da komai. In ka ga shekara biyar ta wuce ana cewa ba za a nuna takardun sayen kaya ba saboda tsaro, to ba abokin gaba ake ɓoye wa ba.

Ga yadda ɓarna ke shiga, in gaya maka daga cikin sito. Kowane akwati yana da lambar rukuni, wadda ke nuna masana'anta da shekarar ƙira. A ƙa'ida, littafin sito yana nuna lambar da ta shigo da wadda ta fita da sunan wanda ya sa hannu, makulli yana hannun mutum biyu, kuma lokaci-lokaci wani daga waje yana zuwa ya ƙirga ba tare da sanarwa ba. A filin atisaye har kwanson da aka harba ake tattarawa a mayar. Amma a fagen daga ba mai tsayawa tsintar kwanso, don haka kalmar "an harba" tana iya haɗiye kowane adadi. Faɗan minti goma sai a rubuta masa akwati ashirin. Na ga inda littafi ke cewa ɗaki cike yake, aka buɗe aka tarar da layin gaba kawai ke da kaya, na baya fanko ne. Wanda ya yi haka bai saci ƙarfe da albarushi kawai ba. Ya sa kwamanda ya tura mutane bisa lissafin ƙarya, kuma harsashin da ya sayar yana iya dawowa ya sami abokin kwanansa. Irin wannan ba shela a rediyo ke maganinsa ba, amma dole a sami idon da ba na gidan ba: masu binciken kuɗin gwamnati, da kwamitin majalisa da zai zauna a rufe ya ga takardu.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana kuɗar rashin wannan ido. A Disambar 2014 kotun soja a Najeriya ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa don sun ƙi fita yaƙi, su kuwa suka ce ba a ba su kayan faɗa ba. A 2015 bincike ya taso a kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai, kuma a ƙarshen shekarar aka sassauta hukuncin sojojin zuwa ɗaurin shekara 10. Ingila ma ta taɓa shiga irin wannan a 1915, tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da jaridar The Times ta buga cewa igwoginsu ba su da isassun harsasai. An ga abin kamar tonon silili, amma shi ya sa aka sake fasalin gwamnati, aka kafa ma'aikatar makamai a ƙarƙashin Lloyd George, ƙira ta ninka. Jamusawa sun riga sun san igwogin Ingila sun yi shiru. Mutanen Ingila ne kawai ba su sani ba.

Sai zancen rumbun da kuka ji ƙararsa. A daren 18 ga Yuni 2024 ma'ajiyar makamai ta unguwar Guji, kusa da filin jirgin saman Injamena, ta kama wuta, harsasai suka riƙa tashi suna faɗawa gidajen mutane. Gwamnati ta ce mutum 9 sun rasu, 46 sun ji rauni. Albarushi ba ya son zafi. Akwai sinadarin da ake haɗa shi da shi don ya zauna lafiya, kuma zafi yana cinye wannan sinadarin a hankali, har tsohon albarushi ya iya kama wuta da kansa. Ka tuna zafin Afrilu a nan, digiri 45 a inuwa, sannan ka ƙiyasta cikin kwantenar ƙarfe da ke tsaye a rana. Shi ya sa ƙa'idar ajiya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a 2011, ta ce a raba kaya iri-iri, a nisanta abin tayar da bam da shi kansa bam ɗin, a yi tudun ƙasa tsakanin ɗaki da ɗaki, a lalata wanda ya tsufa, a kuma bar fili mai faɗi tsakanin rumbu da gidaje. Yawancin barikokinmu an gina su ne a bayan gari, gari ya girma ya haɗiye su, kayan kuma suna nan.

A nan sirri kashe mutane yake yi kai tsaye. A barikin Ikeja na Legas, ranar 27 ga Janairu 2002, rumbun makamai ya tashi, fiye da mutum 1,000 suka mutu, kuma yawancinsu ba fashewar ce ta kashe su ba. Ba su san me ke faruwa ba, ba wanda ya taɓa gaya musu inda za su nufa, suka ruga cikin firgici suka auka wani babban magudanar ruwa. A unguwar Mpila ta Barazabil, babban birnin Kwango, wani rumbun ya tashi a Maris 2012, ɗaruruwa suka rasu. A tashar Bari ta Italiya, a Disambar 1943, Jamusawa sun kai hari ta sama, wani jirgin ruwan Amurka da ke ɗauke da bama-baman iskar guba a ɓoye ya tarwatse. Likitoci ba su san da gubar ba, suka bar mutane nannaɗe cikin tufafin da suka jiƙe da ita, sojoji fiye da 80 suka mutu. Gaya wa bulama da likitan unguwa cewa akwai haɗari a nan, kuma in an ji ƙara ga hanyar da za a bi, bai bayyana wa abokin gaba yawan akwati ko ɗaya ba. Inda rumbun yake kuwa, duk mai talla a unguwar ya riga ya sani.

Abin da zan ce maka kai da ke bakin hanya: in ayari ya zo, a matsa masa, kada a bi shi a baya da babur, kada a ɗauki hoto, kada a tura saƙon murya a ce ga su nan sun wuce. Ka ja kunnen yaran shagonka, domin dokar yaƙi da ta'addanci da Kamaru ta kafa a Disambar 2014 tana da faɗi, kuma kotun soja ke shari'arta. Wakilin sashen Hausa na RFI, Ahmed Abba, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, bai fito ba sai Disambar 2017. Shari'arsa ba ta hoton ayari ba ce, amma ta isa ta nuna maka cewa shiga ta fi fita sauƙi. In ƙaninka ya kira, ka tambaye shi lafiyarsa da abincinsa, kada ka tambaye shi inda suke ko yaushe za su motsa, ka kuma gaya wa mahaifiyarku haka, don uwa ce aka fi kasa ɓoye wa.

Amma ka riƙe hakkinka na ɗaya ɓangaren. Ku da ke kusa da bariki kuna iya haɗuwa ta hannun bulama da mai martaba sarki da ɗan majalisarku ku tambaya ko akwai manyan makamai a ajiye kusa da gidaje, ko akwai shirin mayar da su bayan gari, da kuma abin da za ku yi in wuta ta tashi. In ta tashi, a yi nesa, a nemi bayan katanga mai kauri, kada a tsaya kallo, kada a tsaya jikin taga, kada kuma a koma da wuri don an ji shiru, domin wata fashewar na iya biyowa baya. Bayan nan harsasan da ba su fashe ba za su watsu a tsakar gidaje da gonaki, kuma sun fi haɗari fiye da lokacin da suke cikin akwati, don wuta da jifa sun riga sun taɓa su. Yara masu tsintar ƙarfe su ne suka fi shiga wannan haɗari. Duk abin da aka gani, a kewaye shi da ƙaya ko duwatsu daga nesa, a sa babba ya tsare wurin, a kira jandarma, kada kowa ya ɗaga shi ko da niyyar kai wa hukuma ne.